Darasi: Canza rubutu a wasu layuka kaɗai da sed

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kowa ya buɗe taminal ɗinsa, yau da sed za mu yi aiki, wato umarnin da ke neman rubutu a cikin fayil ya canza shi.

Ga fayil nan, saiti.conf. Lambar 8080 ta fito a wurare da dama, amma a layin da ke da kalmar listen kaɗai muke so ta koma 9090. In kuka rubuta s/8080/9090/g haka kawai (s na nufin a musanya 8080 da 9090, g kuma duk inda ta fito a layin), duk inda ya gan ta sai ya taɓa, ba ruwansa. Don haka sai a fara faɗa masa wurin, sannan abin da zai canza:

sed '/listen/s/8080/9090/g' saiti.conf

Kun ga /listen/ ɗin nan da ya zo kafin s? Duk layin da ba shi da wannan kalma, sed zai bar shi yadda yake. Da lambar layi ma ana yi: 10,20s ke nan, daga layi na 10 zuwa na 20. In kuwa layukan bayani masu farawa da # kuke so ya tsallake, sai ku sa alamar motsin rai, wato /^#/!s, ita ce ke juya sharaɗin.

To, a nan ake yawan yin ɓarna, ku saurara da kyau. Shi sed bai san lamba ba, jerin haruffa yake bi. Idan akwai 18080 a layin, zai ga 8080 a cikinta, ta koma 19090, kuma ba zai ce muku komai ba. Maganinsa a sed na Linux shi ne \b8080\b, iyakar kalma gaba da baya. Ɗigo ma haka: a wurinsa ɗigo na nufin kowane harafi ɗaya. In ɗigo na gaske kuke nema, ku rubuta \. a madadinsa.

Har yanzu fa fayil ɗin bai canza ba, a allo kawai muke ganin sakamako. Sai kun gamsu tukuna ku ƙara -i.bak, ya rubuta a cikin fayil ɗin, ya kuma ajiye tsohon da sunan saiti.conf.bak. Ni ban ba da shawarar -i tsurarsa ba, don sed ba shi da komawa baya. Masu Mac kuwa, -i tsura kuskure ma zai ba ku, amma -i.bak na aiki a duka biyun.

Yanzu ku buga diff saiti.conf.bak saiti.conf, shi diff bambancin fayil biyu yake nunawa, ku duba ko layukan da kuka nufa ne kaɗai suka fito.