Yadda Ake Ƙara Hanyar Buɗe But Ta Biyu A Tsohuwar Motar Gudu

Masu kallo, yawancin tsofaffin motocin gudu suna da hanya ɗaya tak ta buɗe but, wato ma'ajiyar kaya, kuma idan ta lalace alhali murfin yana rufe, mai motar ya shiga wani hali.

Irin waɗannan motoci sun kasu gida biyu ta wannan fanni. A wasu, kamar tsohuwar Porsche 911 wadda but ɗinta yake a gaba, direba yana jan wani hannu daga cikin mota, hannun kuma ya ja wata siririyar wayar ƙarfe da ke tafiya cikin kube har zuwa sakata. Shekaru suna sa wayar ta yi tsatsa, zaren da aka tufka ta da su su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za a ja hannun a ji ya taho salab babu nauyi. A wasu kuma, kamar TVR Chimaera da aka ƙera a Blackpool ta Ingila daga 1992 zuwa 2003, maɓallin lantarki ne yake aika wuta ga wata ƙaramar na'urar maganaɗisu, ita kuma ta fizge sakatar. Idan batir ya mutu ko fis ya ƙone, maɓallin ba shi da sauran amfani. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, bakin zuba man Chimaera yana cikin but, batirin tsohuwar 911 ma yana ƙarƙashin murfin da ya ƙi buɗuwa.

Gyaran ba shi da wuya, kuma wayar birkin keke tare da kubenta ta isa, musamman wadda ba ta yin tsatsa. Sai dai akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi: sabuwar waya ta kama jikin sakatar kanta, kada a ɗaura ta a jikin tsohuwar waya ko a sandar na'urar lantarki, domin duk abin da ya sami waɗancan zai shafe ta.

Buɗe but ɗin, ka cire murfin da ya rufe sakata, sannan ka sa wani ya ja hannun ko ya danna maɓallin yayin da kake kallon ɗan ƙarfen da ke motsawa, ka lura da kyau ta wace fuska yake tafiya. A wannan ƙarfen za a maƙala kan wayar, ko dai ta wani rami da yake akwai, ko ta ƙaramin rami da za a huda. Kuben kuma dole a danne ƙarshensa da mariƙi mai noti a kan wani abu da ba ya motsi, idan ba haka ba, duk jan da aka yi kuben ne zai biyo hannu, sakatar na nan daram. A bar ɗan sassauci a wayar, saboda idan ta yi tsauri sakata ba za ta koma mazauninta sosai ba, but na iya buɗewa ana cikin tafiya.

Daga nan sai a bi da wayar ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, nesa da bututun hayaƙi da taya. Inda za ta ratsa jikin mota, a sa zoben roba a ramin don kada ruwa ya shiga ko bakin ramin ya cinye kuben. A ganina, gara ƙarshenta ya fito cikin mota, bayan kujera ƙarƙashin shimfiɗa, maimakon a kwarin taya inda laka take taruwa kuma hannun ɓarawo yake kaiwa. Amma wanda ƙofofin motarsa ma da lantarki suke buɗuwa, tilas ya nemi maɓoya ta waje.

Kafin a rufe murfin but ɗin, a danna sakatar da sukurudireba ta kulle yayin da but yake buɗe, a ja sabuwar waya a ga ta saki, a maimaita haka sau da yawa, sannan a gwada tsohuwar hanyar ma a tabbatar ba a takura ta ba. Bayan haka ne za a shafa ɗan giris, a rufe but, a yi gwaji na gaske.