Amsoshin Tambayoyinku: Kasuwar Birnin Atina a Zamanin Da

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani malamin makaranta a Maraɗi. Yana cewa: "Na ji an ce a tsohuwar Girka a kasuwa ake shari'a da siyasa. Gaskiya ne? Kuma suna da sarkin kasuwa kamar namu?"

Gaskiya ne, Malam. Mu ɗauki birnin Atina, shekaru kusan 2,400 da suka wuce. Filin da suke kira agora yana gindin tsaunin Akropolis. Masu kifi, masu man zaitun, masu tukwane, kowa da layinsa. A gefen filin kuma ga zauren majalisar mutum 500, ga kotuna, ga allunan da ake kafa sanarwar sababbin dokoki. Mutum ya fito cefane, sai ya koma gida da labarin abin da hukuma ke shirin yi.

Sarkin kasuwa kuwa, ba mutum ɗaya suke naɗawa ba. Kowace shekara ana fitar da jami'ai 10 ta ƙuri'ar sa'a, 5 a cikin gari, 5 a tashar jiragen ruwa ta Firayus, su hana algus. Akwai wasu 10 da aikinsu duba mudu da sikeli kawai. Hatsi ma da nasa masu tsaro, domin ƙasar Atina ba ta noma abin da zai ciyar da ita, alkama mai yawa daga yankin Bahar Aswad ake kawowa. Su ne ke sa ido kada farashin gari da burodi ya wuce kima. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, don talaka ne ke fara jin jiki idan aka tauye mudu.

A filin nan ne kuma ake korar ɗan siyasar da ake tsoron ƙarfinsa. Kowa ya rubuta suna a kan tsingaro, wanda sunansa ya fi fitowa ya bar gari shekara 10. Haka aka yi wa Temistokilis, jagoran da ya ci Farisawa a yaƙin ruwa na Salamis.

Wata baiwar Allah daga Kano kuma ta tambaya ko mata na zuwa kasuwar. Malama, matan talakawa suna sayar da burodi da ganyaye. Matan masu hali kuwa galibi suna gida, maigida ko bawa ke cefane. Majalisa da ƙuri'a dai na maza 'yan gari ne, ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi.