Idan Bakanike Ya Maimaita Gyara Bai Yi Ba

An rubuto wannan daga laccar da wani lauya ya yi wa direbobi a Gombe.

Iyayena da 'yan'uwana, mu ɗauki mota mai zafi. An sauya gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da murfinsa, ka kama hanyar Bauchi, kafin Alƙaleri allura ta tashi, lagireto na tafasa. An sake, ta sake ƙonewa. Sau da yawa top silinda, wato murfin saman inji, ne ya lanƙwashe, ba a kai shi an goge ba, ko kuma fanfon ruwa ya mutu ba a duba ba. Ko gasket goma aka sa, haka za su ƙone.

To a nan ake kuskure. Da rai ya ɓaci sai a janye mota zuwa wani gareji a kwance inji. Ka wanke hujjarka da hannunka ke nan! Kafin a taɓa ta, ɗauki bidiyo, rubuta kilomita, ka nemo wani bakanike da zai duba a gaban shaidu biyu, ya kuma yarda zai faɗa a kotu. Karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Kuɗi kuwa a tura ta banki, ko a karɓi rasit, don "wallahi na ba shi" ba ya ciyar da shari'a gaba.

Daga nan sai shugabannin ƙungiyar makanikai, NATA. Galibi a nan ake sasantawa, amma a rubuta, kowa ya sa hannu. In bakaniken da ya yi gyaran ya ƙi, rubuta masa wasiƙa da wa'adi, misali kwana 14, ka riƙe kwafi.

Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka zaɓi: ya gyara aibin, ko ya mayar da kason kuɗin da ya dace. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, na karɓar irin wannan ƙorafi. A kotun Musulunci ma, mazhabar Malikiyya na ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya ɓata a bayan idon mai su.

Ofishin 'yan sanda fa? Dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sai in ya sayar da injinka, ko ya musanya maka kaya a ɓoye, wannan cin amana ne.