Mai rawa a kan dutse: matakin da ba a nuna muku

Jama'a barkanmu da warhaka.

To, duk sanda aka saki irin bidiyon nan, mai rawa a kan dutse ko cikin kango ko bakin dam, sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu su ce ai zuwa kawai aka yi aka kunna kiɗa ya hau cashewa, wasu su ce a'a a ɗaki aka koya aka zo aka juye ta yadda take. Duka biyun sun tsallake mataki ɗaya.

Farkon aikin kowa ya san shi, a samu kiɗa, mai tsara rawa ya tara yaransa a ɗakin rihazal, ɗaya biyu uku har takwas, a yi ta maimaitawa sai jiki ya haddace. Mu wuce.

Sai a ɗauki rawar nan a kai ta lokeshan tun kafin ranar shutin, ba babbar kamara ba fitilu, waya kawai, kuma a nan ne ake wargaza ta. A ce karofin Ƙofar Mata a Kano aka zaɓa. Ku dubi ƙasan, ramukan rini ne a jere kusa da juna. Taku huɗun da yaro ya saba yi zuwa dama a kan siminti, a nan na ukun cikin ruwan baba zai jefa shi, ya fito shuɗi har wuya. Mai tsara rawa zai iya rage takun ya lallaɓa, ko kuma ya bar ramin ya ba shi sabon motsi, yaron ya zagaye bakinsa, ya sunkuya kamar marini zai tsoma zane, ya ɗago a hankali hannuwa na ɗiga. Ni dai na biyun nake kira aiki. In har za ka iya kwashe rawar ka kai ta filin ƙwallo ba abin da ya canza, to labule kawai ka mai da wurin.

Haka yashi, juyi a kan ƙafa ɗaya cinye shi yake, dole ya koma jan ƙafa. Dutse da azahar kuwa duk wanda ya rubuta a durƙusa a kai, wallahi shi ya kamata ya fara gwadawa.

Sannan ga kamara. A dandamali 'yan kallo suna gabanka, a nan kuwa ido ɗaya ne kuma yawo yake, yanzu yana bayanka anjima yana sama a jikin duron, ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Kaɗa yatsu daga nesa ɓata yake, tsallen da ya burge a ɗaki daga sama kamar ba a yi ba, shi ya sa da yamma ake zama a kalli abin da waya ta ɗauka, a cire wannan a faɗaɗa wancan, gobe a koma.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1945 Maya Deren ta yi wani gajeren fim marar sauti a Amurka da ɗan rawa Talley Beatty, ya ɗaga ƙafa a cikin daji, da ya sauke ta sai ga shi a cikin ɗaki. Motsi ɗaya, wuri biyu, kuma sai an tsara tun farko daidai inda ƙafar za ta kai kafin a yanke, in ba haka ba mai editin sai dai ya yi tagumi.

Saura na ranar shutin da sauri. Gunduwa-gunduwa ake ɗauka, sifika na maimaita waƙar. Inda kuka ga jiki na tafiya a hankali amma baki na bin waƙa daidai, hoto 50 a sakan aka ɗauka maimakon 25, aka ninka saurin waƙar, mai rawa yana ta gudu kamar an biyo shi. A gaida masu wuri a nemi izini, a yi rige-rige da hasken bayan la'asar don ba ya jira.

In kuma kun ga akuya ta gifta a bayan mai rawa a bidiyo, ba ta zo rihazal ba, darakta ne ya ce a bar ta.