Yaro mai nakasa a ajin rawa: darasi daga Ingila

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka zo. Na baya kuna ji na? To, madalla.

A 1973 wata ƙwararriyar 'yar rawa a Ingila, Celeste Dandeker, ta faɗi a kan dandamali ana tsakiyar wasa. Lakarta ta taɓu, ta koma kan keken guragu. A wancan zamani, in haka ta same ka, kai da rawa sai dai kallo. Sai a 1991 ita da Adam Benjamin suka kafa ƙungiyar Candoco a Landan, inda masu nakasa da marasa nakasa ke rawa tare. Kuma ba don a tausaya musu ba, sana'a ce, tikiti ake saya a shiga.

Amma ku dubi marigayi David Toole. Tun yana jariri aka yanke masa ƙafafu, da hannuwansa yake rawa. A gidan waya yake aiki a Leeds kafin ya haɗu da Candoco, daga nan ya yi karatu a makarantar rawa ta Laban. Mutumin da duniya ta kalla a bikin buɗe gasar Paralympics ta 2012, wato wasannin masu nakasa na duniya, sai da ya doshi shekara 30 sannan ya samu malami. Alhali sa'o'insa masu ƙafa tun suna firamare ake horar da su. Nan gizo ke saƙar.

Me ke hana yaron shiga aji? Mutane kan ce matakala. E, akwai wannan, amma siminti da birkila sun isa su gyara ta. Babbar matsalar tana bakin malami. In ya ce kowa ya ɗaga ƙafar dama, ya kori yaron da ke kan keke ba tare da ya sani ba. In kuwa ya ce kowa ya karkata nauyin jikinsa hagu, ya juya, ya dawo, to mai keke zai yi, mai sanda zai yi. Makaho kuma a fayyace masa motsin da baki.

Kada kuma a sassauta. Malamin da ke tafa wa yaro ko ya yi daidai ko bai yi ba, cutarsa yake yi, don ranar jarrabawar shiga makarantar rawa ba tafi za a duba ba. Shi ya sa ƙungiyar rawa ta Stopgap a Ingila ta tsara manhajar koyar da rawa mai suna IRIS, mataki-mataki, yadda yaro zai san inda yake da abin da ya rage masa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.