Gwajin Hali: Yana Auna Mutumin Kaduna Daidai Kuwa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wanda ya taɓa neman aiki ta intanet wataƙila ya ci karo da irin waɗannan tambayoyi: "Ina faɗin ra'ayina a gaban kowa." "Ina saurin sabawa da baƙo." Sai a ce ka zaɓa daga 1 zuwa 5. Gwajin hali ke nan, kuma wani reshensa mu'amalarka da jama'a yake aunawa. Tun 1957 Timothy Leary, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ɗora mu'amala a kan layi biyu: jan ragama ko bi, sai kuma jan mutane a jiki ko nisantarsu.

To, mu je Tudun Wada. Ga matashi, abokin mahaifinsa ya zo gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, "Baba, sannu da zuwa." Ko dattijon ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba, ba zai musa ba. A takarda 1 ko 2 zai zaɓa, sakamako ya fito wai ba shi da ƙarfin hali. Alhali da safe ka same shi a shagonsa na Kasuwar Bacci, shi ke juya yaran shago, shi ke tsayawa kai da fata a ciniki. Tarbiyyarsa aka auna, aka rubuta masa rauni.

Masana sun daɗe da lura. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankali cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake nazari a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Gaskiya ne a 2005 an samu shahararrun ginshiƙan hali biyar, wato manyan rukunai biyar da masanan Turawa suka kasa halin ɗan Adam a kansu, a al'adu 50, amma galibin masu amsawa ɗaliban jami'a ne. Da Michael Gurven ya kai tambayoyin wajen ƙabilar Tsimane a Bolibiya, sakamakon da ya fitar a 2013 ginshiƙai biyu ya nuna: kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A Sin kuma, Fanny Cheung ta gina nata gwajin daga cikin gida, sai ga wani ginshiƙi na zaman lafiya da kare mutuncin juna, wanda na Turawa bai kama shi ba.

Yaya ake tantance ko gwajin da aka ƙirƙira a wata ƙasa ya dace da mu? Kamar mudu ne, kafin a yi musun wa ya fi hatsi sai an tabbata girmansu ɗaya. Ana fassara tambayoyin, wani daban ya mayar da su harshen asali, a duba ko ma'ana ta zame. Sannan lissafi ya nuna ko tambayoyin na haɗuwa rukuni-rukuni kamar yadda suka yi a can inda aka ƙirƙiro gwajin, kuma ko maki 4 a nan shi ne maki 4 a can. Akwai kuma kara: baƙo ya zauna a zaurenka yana karanto maka tambaya, da yawanmu "haka ne" za mu ce don kada ya ji kunya.

A Kaduna aikin ya fi haka yawa, domin Bahaushe, Bagwari, Bafulatani da mutumin Bajju duk layi ɗaya suke bi wajen neman aiki, kuma kowane rukuni sai an gwada tambayoyin a kansa daban.