Lacca: Gaɓar Kogin Dilimi da Buƙatar Ƙaramin Wurin Shaƙatawa a Unguwa

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, da 'yan'uwa maza da mata, ina gode muku da kuka halarta duk da sanyin Jos na wannan safiya.

Magana ce a kan kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar garin nan ya nufi arewa zuwa ƙasar Bauchi, inda ruwansa ke haɗewa da kogin Jama'are. Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawa suka fara haƙar kuza a kewayen Naraguta, a bakin ruwa irin wannan ake wanke ƙasar da aka haƙo, kuma leburori daga Kano da Zariya da Bauchi da sauran wurare sun yi ta ɗaukar ta a kwanon sarki daga rami zuwa mawanka. Unguwanni irin su Gangare sun tashi ne a kan wannan aiki. Da kasuwar kuza ta faɗi, masu noman rani suka ci gaba da cin moriyar kogin, suna fitar da latas da kabeji da karas da ake lodawa zuwa garuruwa masu nisa.

Yau kuwa, duk wanda ya tsaya a kan gada ya leƙa zai ga leda ta naɗe duwatsu, ga bola an tara har bakin ruwa, ga gidaje an gina su inda ruwa ke bi idan ya cika. Ba mu manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta afka wa Rikkos da unguwannin da ke kusa, ta kashe mutane fiye da 30, ta rushe gidaje masu yawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Shawarata ita ce kowace unguwa da ke bakin kogi ta keɓe wani yanki na gaɓa, ko da bai fi filin ƙwallo ba, a hana gini a kansa, a mayar da shi lambun shaƙatawa. Ba irin Millennium Park na Abuja nake nufi ba, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003. Namu ƙarami ne, wanda yaro zai iya zuwa da ƙafa bayan Islamiyya. A dasa gora da ciyawar jema a gefen ruwa, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa, tana rage zaizaya, sannan fili marar siminti yana shanye ruwan sama maimakon ya tura shi cikin gidaje. Daga sama a sa bencina a inuwar mangwaro, da lilo, da shinge tsakanin yara da ruwa, wanda a ganina shi ya kamata a fara kashe wa kuɗi kafin komai. Sai famfo, da makewayi na maza da na mata, da fitilu masu amfani da hasken rana, domin wurin da ya yi duhu da magariba ba ya daɗewa bai zama mafakar masu shaye-shaye ba.

Wahalar tana wajen kulawa. Gwamnati za ta iya ba da izini da kayan aiki, amma shara da ban-ruwa da gadi sai mazauna unguwa. Saboda haka ina roƙon masu unguwanni su kafa kwamitin da zai haɗa matasa da mata da manoman rani, a auna filin a rubuta iyakarsa a takarda kafin damina ta sauka.